Yadda Shan Barasa Ke Sauyawa da Shekaru a Tsakanin Maza da Mata

Ɗiyar Baffa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina kafin na yanke shawarar kawo ta nan, domin magana ce da ba a cika son tayar da ita a fili ba, alhali tana cin gidaje da yawa a ɓoye. Ina da wani baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya cika shekara 67 a bana. Tun muna yara muka san yana shan giya, dangi duk sun sani ko da yake ba mai furtawa. A zamanin ƙuruciyarsa shan nasa na ƙarshen mako ne: sai ya yi kwana biyar bai kusance ta ba, ranar da ya fita da abokansa kuwa sai an rako shi gida. Da ya yi aure 'ya'ya suka zo, abin ya lafa ƙwarai har muka ɗauka ya rabu da ita. Yanzu da ya yi ritaya, matarsa ta shaida mini cewa ba ya zuwa ko'ina, ba ya kuma yin maye irin na da, amma babu daren da zai wuce bai zuba kofi ɗaya ko biyu ba, shi kaɗai a ɗaki bayan kowa ya kwanta.

Wata biyu da suka wuce ya faɗi a banɗaki cikin dare ya fasa goshi, sai da aka yi masa ɗinki biyar. Da na je gaishe shi na yi ta maza na taɓo zancen, sai ya ce da ni, "Ke yarinya, abin da nake sha a mako guda yanzu bai kai abin da nake shanyewa a dare ɗaya ba lokacin ina saurayi." Na rasa ta cewa, domin idan lissafi za a bi, gaskiya ya faɗa.

Abin da nake son masu ilimin abin su fahimtar da ni shi ne, shin haka lamarin yake ga yawancin masu sha, wato suna ragewa idan girma ya zo, ko kuwa salon shan ne kawai yake sauyawa? Ragin da ya yi yana nufin hatsarin ya ragu? Sannan ina son sanin ko mata masu sha su ma wannan hanya suke bi, domin ban taɓa jin an yi bayani a kansu ba.

Malamin Kiwon Lafiya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ƙara wa baffa lafiya. Labarin da kika bayar ya yi daidai da abin da masu bincike suka gano, har ya ba ni mamaki yadda ya bi sahun sakamakonsu daki-daki.

A shekarar 2015 wata malama mai suna Annie Britton da abokan aikinta a wata jami'a da ke Landan sun haɗa bayanan manyan bincike guda tara da aka yi a Birtaniya, waɗanda suka ƙunshi mutane fiye da 59,000. Darajar wannan aiki ita ce mutanen ba sau ɗaya aka tambaye su ba, an yi ta komawa gare su tsawon shekaru ana rubuta yadda shansu yake, don haka ana iya ganin tafiyar mutum guda daga samartaka zuwa tsufa. Sun samu cewa a wajen maza yawan abin da ake sha yana hawa da sauri tun daga shekarun balaga, ya kai ƙololuwa wajen shekara 25, inda matsakaicin namiji yake shan ma'auni 20 a mako. Ma'auni ɗaya a lissafin Birtaniya giram 8 ne na tsagwaron barasa, ke nan giram 160 a mako, kwatankwacin ƙananan gwangwanayen giya 11. Daga nan sai ya sauka, ya tsaya kusan wuri ɗaya a tsakiyar rayuwa, sannan ya sake gangarowa daga wajen shekara 60. Mata ma irin wannan tudu suke hawa su sauka, sai dai nasu bai kai rabin na maza tsawo ba, domin ƙololuwarsu ma'auni 7 zuwa 8 ne a mako.

Zuwa nan baffanki yana da gaskiya. Sai dai binciken ya nuna wani abu na biyu wanda shi ne ya fi shafar tambayarki. Yayin da yawan abin da ake sha yake raguwa, yawan ranakun da ake sha ƙaruwa yake yi. Saurayi yana sha sau ɗaya ko biyu a mako amma ya cika ciki, dattijo kuwa yana sha kaɗan amma kullum ko mafi yawan ranakun mako, har aka samu fiye da rabin mazan da suka manyanta a wancan bincike suna cikin wannan hali. Dalilan ba su da wuyar ganewa. Shan saurayi na taro ne, abokai ke jan sa, shi ya sa aure da haihuwa da aikin da ake sammako dominsa suke karya shi ba tare da kowa ya yi masa magani ba. Shan dattijo kuwa ya zama jiki, ya shiga tsarin yini kamar yadda wani ba ya iya kwanciya sai ya saurari labarai, kuma idan ritaya ta zo, babu sauran safiyar da mutum zai ji tsoron makara.

A ganina kuskuren da muke yi shi ne muna auna matsalar barasa da maye kawai. Wanda ba a gan shi yana tangaɗi a titi ba, sai a ce lafiyarsa ƙalau. Hatsarin saurayi mai sha a fili yake, haɗarin mota ne da faɗa da rauni, ana ganinsa a daren da abin ya faru. Na mai shan kullum a hankali yake taruwa a hanta da zuciya da jijiyoyin jini, ga shi hantar ba ta samun ko yini guda na hutu.

Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye wajen karanta irin waɗannan alƙaluma. Saukar da ake gani bayan shekara 60 ba duka ce ta zaɓi ba. Wasu rashin lafiya ce ta tilasta musu bari, wasu daga cikin masu sha da yawa kuma ba su kai waɗannan shekaru da rai ba, don haka ba sa cikin waɗanda ake ƙirgawa. Tun a 1988 wani likita a Birtaniya mai suna Gerald Shaper ya ja hankali kan cewa da yawa daga cikin waɗanda ake rubutawa a matsayin marasa sha tsofaffin mashaya ne da ciwo ya sa suka tuba, abin da ya sa wasu bincike suka riƙa nuna kamar mai shan kaɗan ya fi wanda ba ya sha lafiya. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam ya yi bayanin alƙaluma, ni kuma bari in ɗora da abin da ke faruwa a cikin jiki, sannan in taɓo batun mata wanda 'yar'uwa ta ce ba ta taɓa jin an yi magana a kai ba.

Barasa a cikin ruwan jiki take bajewa, ba ta shiga kitse sosai. Jikin matashi namiji kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, amma idan shekaru suka ja tsoka tana raguwa, kitse yana ƙaruwa, ruwan jiki yana ja baya. Saboda haka kofin da baffa yake sha a yau yana hawa jininsa fiye da yadda irinsa yake yi shekara 40 da suka wuce, kamar yadda cokalin gishiri ɗaya yake fin fitowa a ƙaramar tukunya. Ga shi ƙwaƙwalwar tsoho ta fi saurin jin ta, ido ya rage gani, ƙafa ta rage ƙarfi. Mai sha don ya samu barci yana samun sa da wuri, amma barasa tana yayyanka barcin a rabin dare na biyu, tana kuma sa yawan fitsari, sai mutum ya miƙe cikin duhu yana jiri ya nufi banɗaki. Da na karanta inda baffa ya faɗi ban yi mamaki ba, domin na sha ganin irinsa.

Sai maganar magunguna, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Da wuya a samu mai shekara 65 da ba ya shan wani magani kullum. Barasa da maganin barci irin su diyazefam suna taruwa su danne numfashi. Idan ta haɗu da maganin hawan jini, jini kan yi ƙasa idan mutum ya miƙe tsaye. Mai ciwon suga da ke amfani da insulin sugansa na iya faɗuwa cikin dare ba tare da kowa ya sani ba. Asfirin da sauran magungunan ciwon gaɓɓai idan suka haɗu da ita suna iya sa tumbi ya zubar da jini, farasitamol kuma yana ƙara wa hanta nauyi. Wannan ne ya sa hukumar da ke nazarin barasa a Amurka ta taɓa ware wa waɗanda suka haura 65 iyaka ta daban, ƙasa da ta sauran maza.

Game da mata, abin da tsufa yake yi wa namiji a ƙarshen rayuwa, mace da shi take farawa. Ruwan jikinta bai kai na namiji ba ko da nauyinsu ɗaya ne, kuma wani bincike da aka wallafa a 1990 ya nuna cewa sinadarin da ke fara narka barasa tun a tumbi ya fi ƙaranci a jikin mata. Don haka mace tana kamuwa da ciwon hanta da adadin da bai kai na namiji ba, cikin shekarun da ba su kai nasa ba. Ga kuma sankarar mama, wadda hatsarinta yake ƙaruwa ko da kofi ɗaya ne a rana. Tun a 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya ta saka barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Tazarar da ke tsakanin maza da mata ma ba ta tsaya yadda take a da ba. A 2016 wasu masu bincike a Ostireliya ƙarƙashin Tim Slade sun tattara bincike 68 suka kasa mutane bisa shekarar haihuwa. A cikin waɗanda aka haifa tsakanin 1891 da 1910, yiwuwar namiji ya sha barasa ta ninka ta mace sau 2.2, yiwuwar ta yi masa illa kuma sau 3.6. A cikin waɗanda aka haifa tsakanin 1991 da 2000 lissafin ya koma 1.1 da 1.3, wato sun kusa zama kunnen doki. Ma'anar wannan ita ce tsofaffin matan da ake gani yau ba sa sha ba lallai ba ne shekaru suka hana su, da yawansu ba su taɓa farawa ba ne, kuma babu tabbacin jikokinsu za su yi kama da su idan sun tsufa.

Ba na mantawa da wata baiwar Allah da na yi jinya, shekarunta sun haura 60, wadda ba ta taɓa kai barasa bakinta ba sai bayan rasuwar mijinta, lokacin da 'ya'ya suka watse gidan ya yi mata faɗi. An kawo ta sau uku a cikin shekara guda, ana cewa mantuwa ce ta tsufa da ciwon ƙafa. A zuwa na uku ina gyara mata shimfiɗa na ji wani abu mai tauri a cikin rigar matashin kai, ashe ƙaramar kwalba ce. Ta riƙe hannuna tana kuka tana roƙona kada in gaya wa ɗanta. Likitoci uku sun duba ta, babu wanda ya yi mata tambayar, saboda babu wanda ya kawo a ransa cewa dattijuwa irinta za ta sha.

Dattijo Mai Tuba ya amsa:

'Yata, ni ba malami ba ne ba kuma likita ba, amma na yi shekara 41 a cikin abin da kike tambaya a kai, kuma yau shekarata takwas da rabuwa da shi, alhamdu lillahi. Maganar da baffanki ya faɗa miki ni ma na faɗe ta, kusan kalma da kalma, kuma lokacin da nake faɗa na yarda da ita har zuciyata.

Abin da zan ƙara a kan bayanin Malam da Malama shi ne dalilin shan ma sauyawa yake yi. Ina ɗan shekara 22 na fara, don kada abokai su ce ni yaro ne. A shekarun aiki ina sha ne don in sauke gajiya da ɓacin ran ofis. Bayan na ajiye aiki kuwa, da za a tsare ni a tambaye ni me ya sa, ba ni da amsa sai dai in ce dare ya yi tsawo. Abokan da muka fara tare wasu sun rasu, wasu sun bari, wasu ciwo ya kwantar da su. Mutumin da ya saba ana sallama da shi a ofis tun safe har yamma, sai ya wayi gari wayarsa tana yini ba ta yi ƙara ba. Na kan zauna in dubi agogo ina jiran ƙarfe goma ta buga, kuma tun da la'asar hankalina yana kan kwalbar da ke bayan littattafai.

Ban yarda cewa ta kama ni ba sai da aka kwantar da ni asibiti don wani aiki da bai shafe ta ba. A kwana na biyu hannuna ya kama rawa har na kasa riƙe kofin ruwa, zufa ta jiƙa zanen gado, na riƙa ganin abubuwa suna tafiya a jikin bango. Ni da nake alfahari cewa na shekara 20 ban yi maye ba, ashe jikina ba ya iya kwana biyu babu ita.

Shawarata gare ki ita ce kada ki tunkare shi da lissafi, domin zai kayar da ke, kada kuma ki tara masa dangi, domin kunya za ta sa ya ƙara ɓoyewa. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, sa'ansa ko wanda ya girme shi, su zauna su biyu. Sannan ku dubi yadda yake cinye yininsa. Ni abin da ya fi taimaka mini bayan magani shi ne jikana da aka riƙa kawo mini da yamma ina yi masa bitar karatu, har ƙarfe goman ta riƙa wucewa ban lura ba.

Mai Bibiya ya amsa:

Na amfana da bayanan nan ƙwarai, amma ina da ɗan gyara. Binciken da Malam ya kawo na Birtaniya ne, ƙasar da mafi yawan manya suke sha, kuma akasarin waɗanda Malama ta ambata a Turai da Arewacin Amurka aka yi su. Bai kamata mai karatu ya tashi da zaton haka duniya take ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kashi 56 cikin 100 na mutanen duniya masu shekara 15 zuwa sama ba su sha barasa ba. Kashi 52 na maza ne suke sha, mata kuma kashi 35, sannan a cikin mutum miliyan 2.6 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a waccan shekara, miliyan 2 maza ne. Ke nan a duniya baki ɗaya tazarar tana nan da faɗinta, kuma a al'ummomin da addini ko tarbiyya suka hana sha ta fi haka faɗi.

Sai dai na yarda cewa a irin waɗannan al'ummomi ne ɓoyewa ta fi tsanani, musamman ga mata da dattawa, waɗanda mutuncinsu ne zai zube idan aka sani. Wanda yake ɓoye wa matarsa ba zai gaya wa mai ɗaukar bayanai gaskiya ba, kuma ko a ƙasashen da ba a jin kunyar abin, adadin da mutane suke cewa sun sha ba ya kaiwa adadin da aka sayar.

Ɗiyar Baffa ta sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah Ya saka da alheri, musamman Baba da ya buɗe mana sirrinsa don mu amfana. Akwai wani amininsa da suka yi aiki tare wanda yake jin maganarsa, zan same shi cikin makon nan in sha Allah. Matar baffa kuma ta ce tana tunanin ta kwashe kwalaben ta zubar ba da saninsa ba, shin hakan zai yi?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Don Allah ki hana ta, 'yar'uwa. Abin da Baba ya kwatanta na rawar hannu da zufa da gane-gane shi ne abin da ke iya samun wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum idan aka yanke masa farat ɗaya. Alamun kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wasu su yi jijjiga kamar masu farfaɗiya, mafi tsananinsa kuma yakan zo a kwana na biyu zuwa na uku, kuma yana iya kisa, balle ga mai shekara 67. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi, da maganin da zai kwantar da jikin da kuma sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Idan za ku je, ku tafi da duk magungunan da yake sha a cikin leda ɗaya, a kuma gaya wa likita ainihin adadin da yake sha da girman kofin, domin kofin gida sau da yawa ya ninka ma'aunin da likitoci suke lissafi da shi.

Akwai kuma abin da nake so ku sa wa ido tun daga yau. Tsohon da ke shan barasa idan ya bugu a kai, jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, alamun ba za su fito ba sai bayan makonni, wani lokaci har wata biyu ko uku. Idan kuka ga ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko yawan barci, ko ruɗewa, ko ɓangare ɗaya na jikinsa ya yi rauni, ko tafiyarsa ta sauya, kada ku jira zaman da amininsa zai yi da shi, ku kai shi asibiti a ranar ku ce a yi masa hoton kai.